Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Kai Mai Jarida Sayen Ƙungiyar Ƙwallo?

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure mana a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu. Wani abokina ya ce tsohon mai AC Milan ɗan talabijin ne, ni kuwa na ce ina ruwan mai gidan talabijin da riƙon kulob? Shin gaskiyarsa ce? An taɓa yin haka a Nijeriya? In an yi, mu a Arewa me ya hana? Daga wani mai karatu, Tudun Jukun, Zariya.

Amsa: Abokinka ya fi ka gaskiya a wannan karon. Silvio Berlusconi ya fara da gine-gine a birnin Milan, amma talabijin ce ta fito da shi, musamman tasharsa Canale 5. A 1986 ya sayi AC Milan, lokacin bashi ya yi mata katutu, ga shi ba ta daɗe da faɗawa rukuni na biyu har sau biyu ba. Ya ɗauko koci Arrigo Sacchi, ya kawo Gullit da Van Basten da Rijkaard daga Holan, kafin ya sayar da ƙungiyar a 2017 ta ɗauki kofin zakarun Turai sau biyar. Ko jam'iyyar da ta kai shi kujerar firayim minista a 1994, Forza Italia, daga kirarin 'yan kallo aka samo sunanta.

Dalilin da ke kai masu gidan talabijin sayen kulob ba ɓoyayye ba ne. Dubi gidan kallonku ranar Asabar: benci ya cika, wasu na tsaye a bakin ƙofa, janareta na ruri, kowa ya biya kuɗinsa kafin a take leda. Mai gidan bai taɓa buga ƙwallo ba, idon mutane yake sayarwa. To haka mai tasha yake, sai dai nasa gidan kallon ƙasa guda ne, masu talla kuma su ke biyan kuɗin shiga. Ted Turner na Amurka ya gane wannan tun da wuri. Yana da 'yar tasharsa a Atlanta, yana neman abin da zai cika mata lokaci, sai ya sayi Atlanta Braves a 1976, ƙungiyar besbol, ƙwallon nan da ake maka wa sanda. Wasa 162 suke yi a kaka guda, ka ga ya sami shirin da ba ya yankewa. Ya ɗora tashar a tauraron ɗan'adam, Amurka duka ta koma kallon ƙungiyarsa, a 1980 kuma ya kafa CNN. Shi kansa ɗan wasa ne, don a 1977 ya ci babbar gasar tseren jirgin ruwa ta America's Cup.

A gida kuwa, sunan da za a fara kira shi ne Cif M.K.O. Abiola. Sai dai a faɗi gaskiya, shi ba ɗan jarida ba ne tun asali. Akanta ne da ya yi karatu a Glasgow, ya yi arziki a kamfanin sadarwa na ITT, ko da yake tun yana sakandare a Abeokuta shi ne editan mujallar makarantarsu. A 1980 ya kafa jaridar National Concord, ya kuma yi mata 'yan'uwa a harsunan gida: Isokan da Yarbanci, Udoka da Ibo, Amana da Hausa. Tambayi dattawan unguwarku masu karatun jarida, za ka sami wanda ya riƙe Amana da hannunsa.

Ƙungiyarsa Abiola Babes ta Abeokuta ta je wasan ƙarshe na kofin ƙalubale shekara huɗu a jere, daga 1984 zuwa 1987, ta ɗauka a 1985 da 1987. Kuma labarin nan ya shafe mu kai tsaye. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, haifaffen Kaduna ne, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, ya bi ta Shooting Stars ta Ibadan ya sauka wurin Abiola. Waɗanda Abiola Babes ta doke a 1987 kuwa namu ne, Ranchers Bees ta Kaduna, kuma sai da aka kai ga bugun fanareti. A wancan zamani rediyo ce idonmu. Mutum goma su kewaye akwati ɗaya a gindin bishiya, a ja eriya har ƙarshe, batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana, mai sharhi na ɗaga murya kowa ya miƙe tsaye kamar yana filin.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne yadda ya ƙare. Ba a jima da ɗaukar kofin 1987 ba Abiola ya janye hannunsa, ƙungiyar da ke kan ganiyarta ta watse. Ranchers Bees ce ta wakilci Nijeriya a gasar masu kofi ta Afirka a 1988, ta kai wasan ƙarshe kafin Bizerte ta Tunisiya ta doke ta. Cif Emmanuel Iwuanyanwu, mai jaridar Champion, ya fi daɗewa: ya karɓi Spartans ta Owerri ya sa mata sunansa, ta ci gasar ƙasa a 1988 da 1989 da 1990 da 1993, amma a 2006 ta koma hannun gwamnatin Imo, aka raɗa mata Heartland. A ganina bambancin a nan yake. Wurin Turner da Berlusconi, ƙungiya na ciyar da tasha, tasha na ciyar da ƙungiya. Namu attajiran daga aljihu suke zubawa, don sha'awa da neman suna, wasan ba ya mayar da ko rabin abin da ya ci. Ranar da mai aljihun ya gaji, ko siyasa ta juya masa baya, shi ke nan. Ban faɗi haka don rage musu daraja ba. Abiola ya ci sunan ginshiƙin wasanni na Afirka da guminsa, kuma tun 2019 babban filin wasa na Abuja sunansa yake amsawa.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Ai kai a bakin rijiyar kake zaune, don Kamfanin Gaskiya na nan kusa da ku. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, amma ta hukuma ce. New Nigerian da aka kafa a Kaduna a 1966 ta gwamnati ce, Rediyon Kaduna ma haka. Shugabanninsu ma'aikata ne masu jiran albashi, ba masu jarin da za su sayi kulob ba. Shi ya sa ƙwallonmu ya tashi a hannun masaƙu da kamfanoni da 'yan kasuwa irin su Alhaji Muktar Aruwa na Ranchers Bees, daga baya gwamnatocin jihohi suka karɓe, kamar yadda Kano Pillars take tun 1990. Sai a 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe rediyo da talabijin, Freedom Radio ta Kano ma sai 2003 ta fara. Kafin su tsaya da ƙafarsu, dish ya riga ya kwashe idon matasa zuwa Ingila da Sifen.

Duk da haka ni ban fid da rai ba. Tashar da za ta ɗauki ƙungiya ɗaya ta gari, ta riƙa kawo wasanta kai tsaye da Hausa kowane mako, ta sa yara su haddace sunayen 'yan wasan, za ta sami masu talla, don mai shago yana bin inda kunne ya taru. Amma mai tasha ba zai zuba kuɗinsa a filin da ba kowa ba. Don haka, ɗan'uwa, ka koma ka ba abokinka gaskiyarsa, sannan duk ranar da aka ce ana gasar unguwanni a Zariya, ku ɗebi 'yan bencin nan naku ku je ku cika bakin fili.