Barkonon leda ba irin wanda hannunmu ya saba da shi ba ne

Duk mai shiga shagunan kayan masarufi a Gumel ko Maigatari ya ga 'yan ledojin garin barkono da ake ratayawa kusa da magi da kori. Wasu ja jawur, wasu kuma baƙi-baƙi masu ƙamshin hayaƙi, su ne ake ce wa barkonon Kamaru. A da sai wanda ya je birni ke zuwa da shi tsaraba. Yanzu yaro ma aikensa ake yi ya sayo.

Aikina na dubagari shi ne leƙa abin da mutane ke kaiwa baki, shi ya sa nake son mu yi wannan magana.

Barkonon Kamaru dangin attaruhu ne da aka busar. A ma'aunin zafi na Scoville, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1912, dogon barkono irin na daka yaji yana tsakanin 30,000 da 50,000, dangin attaruhu kuwa daga 100,000 har 350,000. Idan ya bushe ruwan ne ya tafi, zafin yana nan a dunƙule. To uwargida da ta saba zuba cokali guda na dogon barkono a miyar kuka, in ta yi haka da wannan, yara ba za su ci tuwo ba, mai gyambon ciki kuma ya kwana yana juyi. A fara da kan cokali. Masu haɗa yajin jego, don Allah a sassauta hannu.

In ya kama baki, ruwa ba ya kashe shi. Nono ko madara za a sha. Hannu a murza man gyaɗa sannan a wanke da sabulu. Ido kuwa ruwa mai tsabta kawai, a yi ta zubawa. In ƙaramin yaro ya shaƙi garin, numfashinsa ya sarƙe, a garzaya asibiti.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali ba zafin ba ne. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari nakan sa hannu can ƙasan buhu, ba saman da aka gyara ba, in ɗebo in fasa. Lafiyayyen barkono ƙaras yake karyewa, 'ya'yan su zubo fes. Wanda aka ɗure da sauran danshi lanƙwashewa yake yi, cikinsa da fari-fari ko baƙi kamar auduga, yana warin ruma. Wannan fumfuna na iya haifar da dafin da ake kira afulatoksin, wanda ke cin hanta a hankali har ya kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Dahuwa ba ta kashe shi. Kuma da zarar an niƙe, ni kaina ba zan gane da ido ba. Akwai maras tsoron Allah da ke niƙe irin wannan, ya ƙara masa kala, ya ƙulle a leda babu suna babu adireshi.

Saboda haka masu shago, kada ku sari gari sai mai sunan kamfani da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ku rataye shi nesa da hannun yara. Iyayenmu mata, in da hali ku sayi busasshe ku fasa ku gani, ku daka a turminku.

Manomanmu na Gagarawa da Sule Tankarkar, a daina shanya a ƙasa ko gefen kwalta inda awaki ke bi. A shimfiɗa tabarma ko tampol, a bari ya bushe ƙayau, buhun kuma a ɗora shi kan katako. Yankin ciniki na Maigatari an kafa shi ne don kayanmu su fita waje, Tarayyar Turai kuwa ta ƙayyade yawan afulatoksin a busasshen barkono, wanda ya haura ba ya shiga kasuwarta.