Yadda Ake Sarrafa Adaftar Waifai Ta Baƙin Allo

Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke faɗowa hannun masu gyara, ko dai katin waifai ɗinsu na ciki ya riga ya mutu, ko kuwa yana nan da ransa amma ƙarfinsa bai kai ya tsallake katanga biyu ba, saboda haka sai a nemi 'yar adafta mai eriya a soka a ramin USB. Haka ma'abuta Raspberry Pi suka yi fama tun fitowarta a 2012, har zuwa 2016 da aka fitar da ta uku ɗauke da waifai nata na kanta. Wanda ke kan Linux, musamman in kwamfutar ba ta da tagogi da hotunan da za a danna, ba shi da makawa face ya buɗe baƙin allo ya yi wa na'urar magana da rubutu, kuma ni a ganina wannan ce hanya mafi aminci ko da tagogin na nan, domin taga takan ce maka abu ya ƙi, alhali rubutu yakan gaya maka dalilin ƙin.

Bayan an soka adaftar, abu na farko shi ne a rubuta lsusb, kuma a nan ne aikin duka yake gyaruwa ko ya ɓaci. Umarnin zai jero duk na'urorin USB da ke maƙale a jikin kwamfutar, kowanne da lambobi kashi biyu da ɗigo biyu a tsakani, na farko na kamfani, na biyu na samfuri. Mai 0bda Realtek ce, mai 148f Ralink, mai 0e8d MediaTek, mai 0cf3 kuwa Atheros, ko da yake wasu kamfanonin sukan ɗora tasu lambar a kan ƙwayar wani. Sunan da aka buga a kwali da manyan haruffa ba hujja ba ne, domin Linux ba ruwanta da kwali, ƙwayar da ke cikin robar ita take nema wa direba. Kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar matani don daɗin lafazinsa sai sun bi isnadinsa mutum bayan mutum, haka mai wannan sana'a ba ya gaskata adafta sai ya bi lambarta ya kai ga ƙwayar. Mashahurin misali shi ne TL-WN722N ta kamfanin TP-Link, wadda fitowarta ta farko ke ɗauke da ƙwayar Atheros AR9271, mai direba ath9k_htc da ke cikin Linux tun tuni, har ta yi suna a wajen masu nazarin tsaron sadarwa. Amma fitowa ta biyu da ta uku, da sunan nan guda da kamanni kusan ɗaya, ƙwayar Realtek RTL8188EUS ce a ciki, direbanta daban, halinta daban. Mutane da yawa sun saya bisa shahara, suka isa gida suka tarar da wata aba.

Da an san ƙwaya sai a rubuta sudo dmesg, a duba layukan ƙarshe, inda tsarin yake ba da labarin abin da ya gani lokacin da aka soka na'urar. Ɗayan hali uku za a tarar. Ko dai direba ya karɓe ta ya ba ta suna, to alhamdu lillahi, a wuce. Ko kuwa direba yana nan amma ya rubuta cewa ya nemi wani fayil ya rasa, wato 'yar manhajar da ake ɗura wa ƙwayar kanta duk lokacin da ta samu wuta, wadda in babu ita na'urar ba ta ko motsi. Sunan fayil ɗin yana nan ƙarara a layin, kuma a Debian ana samun irinsa cikin ƙunshi kamar firmware-realtek. Shekaru da dama Debian ba ta sa waɗannan a faifanta na asali saboda aƙidarta game da manhajar da ba a bayyana asalinta ba, sai a fitowa ta 12, cikin 2023, ta sassauta. Hali na uku, mafi tsanani, shi ne a ga an ambaci na'urar sa'an nan a yi shiru, ma'ana babu direba sam, sai an samo shi an harhaɗa da hannu, kuma wajibi ne a yi hakan ta hanyar DKMS, in ba haka ba ranar da aka sabunta tsarin direban zai ɓace a koma gidan jiya. Akwai mas'ala a nan da ke ɗaure wa almajirin sana'ar kai, ita ce ana bukatar intanet kafin a sauko da abin da zai ba da intanet. Warwararta a aljihu take: a haɗa wayar Android da igiyar caji, a kunna raba intanet ta USB, Linux za ta ɗauke ta tamkar igiyar sadarwa ba tare da neman kome ba.

Akwai kuma wata makida da ban ga abin da ya kai ta ɓata wa mutane dare ba. Wasu adaftocin, don sauƙaƙa wa masu Windows, in an soka su sai su bayyana a matsayin faifan CD mai ɗauke da direba, ba su nuna fuskarsu ta waifai sai an fitar da faifan. Mutum ya harhaɗa direba daidai, ya sake kunna kwamfuta, ya sake harhaɗawa, ba abin da ya motsa, alhali direban ba shi da laifi, na'urar ce ba ta gabatar da kanta ba tukuna. Gwani yana hango 0bda:1a2b a jerin lsusb ya san inda aka kwana. Sai ya rubuta sudo usb_modeswitch -K -v 0bda -p 1a2b, ya dakata kaɗan, ya sake lsusb, sai ga lambar ta sauya, 'yar fitilar da ke jikin robar ta fara ƙyaftawa. Na sha ganin fuskar yaran shago a wannan lokaci, kuma haƙiƙa abin alfahari ne mutum ya warware da layi ɗaya abin da ya gagari wani tun azahar.

Sauran aikin ba shi da wuya. Umarnin ip link zai nuna sunan da aka raɗa wa adaftar, wanda a da wlan1 ne, yanzu kuwa a Debian da Ubuntu yakan zama wlx haɗe da haruffa da lambobi goma sha biyu na adireshinta na dindindin, suna mai tsawo amma mai fa'ida, tun da ba ya sauyawa ko an canja rami. In ta ƙi tashi a duba rfkill list: toshewar manhaja ana buɗe ta da rfkill unblock wifi, ta maɓalli kuwa sai an lalubo maɓallin a gefen kwamfutar. Ya kamata kuma a sanar da ita ƙasar da take, iw reg set NG a Nijeriya ko NE a Nijar, domin tashoshin da aka halatta sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. Mu da muka fara da iwconfig har yanzu yatsunmu kan rubuta shi da kansu, amma iw ya gaje shi tuntuni. Da sudo iw dev, sunan na'urar, sa'an nan scan, za a ga rautocin unguwa da ƙarfin kowanne: ‑50 ƙarfi ne sosai, ‑80 kuwa da ƙyar zai riƙe.

Wajen haɗawa mazhaba biyu ce. Inda NetworkManager ke aiki, layi ɗaya ya wadatar: nmcli --ask device wifi connect, sunan rauta, ifname, sunan adaftar. Na fi son a sa --ask ɗin nan, domin kalmar sirrin da aka rubuta tsirara a layin umarni tana zama cikin tarihin umarnai, duk wanda ya zauna bayanka ya karanta. Inda babu shi, sai a koma ga wpa_supplicant na Jouni Malinen, wanda shi ne ma ke aiki a ƙarƙashin NetworkManager a mafi yawan kwamfutoci. A shirya fayil da wpa_passphrase, a goge layin da ya bar kalmar sirrin a fili bayan alamar #, a tashi wpa_supplicant da fayil ɗin, sa'an nan a nemi adireshi da dhclient ko dhcpcd. Sharaɗi ɗaya ne, kada a haɗa biyun a kan na'ura guda, gama kowanne zai riƙa tsinke abin da ɗan'uwansa ya ƙulla, haɗin ya kama ya saki ba iyaka. Mai son aiki da hannu ya fara sallamar NetworkManager da nmcli device set, sunan na'urar, managed no.

In katin ciki yana da sauran rai, sau da yawa adaftar waje takan haɗu lafiya amma saƙo ya ci gaba da bin raunanniyar hanyar. Umarnin ip route zai nuna hanyoyin biyu, kowacce da lambar fifikonta, kuma ƙarama ita ke rinjaye; NetworkManager kan ba igiya 100, waifai 600. Sai a rubuta nmcli connection modify, sunan haɗin, ipv4.route-metric 50, a sauke haɗin a sake ɗaga shi. In kuma tana yankewa bayan an bar ta ɗan lokaci, galibi tsimin wuta ne, ana kashe shi da iw dev, sunanta, set power_save off, sai dai wannan ba ya wuce kashe kwamfuta. Mai son ya dawwama ya sa 802-11-wireless.powersave 2 a jikin haɗin ta nmcli. Ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki, suna fitar da hayaniyar da ke damun zangon waifai na 2.4, saboda haka gajeriyar igiyar ƙari da za ta nisanta eriyar daga jikin kwamfutar ta kai ta bakin taga takan ƙara ƙarfin da babu umarnin da zai ba da shi.