Yadda Ake Kula da Golf GTI Mai Turbo Domin Ta Daɗe Tana Aiki

Golf GTI ƙaramar mota ce ta kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus, daga cikin motocin da ba su da dogon but a baya, waɗanda murfin bayansu yake ɗagawa sama tare da gilashinsa. An fara sayar da ita a 1976 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, amma wadda wannan bayani ya shafa ita ce zubi na biyar, wanda ya fito a ƙarshen 2004 da inji mai lita 2.0 da turbo da ƙarfin doki 200, injin da kamfanin ya raɗa wa suna EA113. Irin wannan mota takan iso hannun mai ita a Kano ko Kaduna ko Maraɗi bayan ta sha tafiya a Turai ko Amurka, kuma babban haɗarin da take fuskanta shi ne a ɗauke ta tamkar Golf 2 ko Golf 3 da makanikai suka saba da su a tasha, alhali kuwa mafi yawan dabarun da tsofaffin injunan nan suke jurewa su ne suke kashe wannan.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a tabbatar da irin injin da ke cikin motar, domin wasu daga cikin na ƙarshen wannan zubi, musamman waɗanda aka sayar a Amurka, da kuma zubi na shida, suna ɗauke da wani inji dabam mai suna EA888. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a buɗe bonet a duba: a EA113 filtar iska tana cikin murfin robar da ya rufe saman inji, filtar baƙin mai kuma tana can ƙasa, a EA888 kuwa filtar baƙin mai tana tsaye a sama inda ido zai gan ta nan take. Bayanin da ke tafe ya shafi EA113 ne.

Turbo dai na'ura ce mai fankoki biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya fanka ta farko, ita kuma ta biyu tana cusa iska cikin silinda fiye da yadda injin zai iya zuƙa da kansa, shi ya sa ƙaramin inji yake ba da ƙarfin babba. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a gefen hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900, kuma ba abin da ya raba ta da ƙarfen da take juyawa a cikinsa sai siririn baƙin mai. Daga nan ne duk sauran ƙa'idojin kula da motar suka samo asali.

Mataki na farko shi ne juye, wato sauya baƙin mai. Injin yana shan kimanin lita 4.6 tare da filta, kuma man da ya dace da shi shi ne wanda aka rubuta VW 502 00 a jikin galan ɗinsa, galibi mai kauri 5W-40, kamar Total Quartz 9000 ko irin na Liqui Moly da ke ɗauke da wannan lamba. Shawarar nan da ta yaɗu, cewa zafin ƙasar Hausa yana buƙatar mai kauri irin 20W-50, ba ta da wuri a wannan inji, saboda mai kauri yana jinkirin isa turbo idan an tayar da mota da safe, man da ba na haɗin masana'anta ba kuma yana ƙonewa ya bar daskararren datti da ke toshe rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta a ƙasan inji. Idan rariyar ta toshe, matsin mai yana faɗuwa, jar fitila ta kama, kuma wanda ya ci gaba da tafiya a wannan hali injinsa zai buga. A Turai kamfanin ya ƙayyade kilomita 15,000 ko shekara ɗaya tsakanin juye da juye, amma inda ake fama da ƙura da cunkoso da zafi, rabin wannan tazara ya fi dacewa. Filta ta zama ta Mann ko Mahle, notin juye kuma a ɗaure shi da ƙarfin Nm 30 tare da sabon washa, ba a ɗaure shi da iyakar ƙarfin dantse ba. Wannan inji yana ɗan shan mai ko da lafiyarsa ƙalau, don haka duba sandar awo sau ɗaya a mako, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya zama al'ada.

Filtar iska ana duba ta a kowane juye, a lokacin hunturu ma fiye da haka, kuma idan ta cika ana sauya ta ne, ba a hura mata iskar faci, domin iskar tana yaga takardar ta bar ƙura ta wuce ta cinye bakin fankar turbo.

Sai batun sanyaya inji, inda ɓarna ta fi yawa. Akwai wani ƙaramin bawul da ake kira tamostat, wanda yake hana ruwa zagayawa zuwa lagireto har sai inji ya yi ɗumin da ake so, sannan ya buɗe, allurar zafi ta tsaya a kan 90. Makanikai da yawa sun ɗauki cire shi a matsayin aikin farko ga duk motar da ta shigo daga waje, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, wasu ma sukan haɗa fanka kai tsaye da batir domin ta yi ta juyawa ba tsayawa. Wannan kuskure ne babba. Injin da bai kai zafinsa ba kwamfutarsa tana ci gaba da ƙara masa fetur, rarar fetur ɗin tana gangarawa ta tsarma baƙin mai, kuma tsarmammen mai ba ya kare turbo. Idan mota tana zafi fiye da ƙima, dalilin yana ga famfon ruwa, ko toshewar lagireto, ko mutuwar fanka, ko yoyo, kuma can ya kamata a nema. Ruwan da ake zubawa shi ne jan ruwan nan na G12 ko G13 haɗe da tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ko na leda ba, waɗanda suke barin tsatsa da gishiri a cikin ƙananan hanyoyin da ke ratsa turbo.

Aikin da ya fi kowane buƙatar natsuwa, wanda kuma mafi yawan masu motar ba su taɓa jin labarinsa ba, shi ne duba ɗan ƙoƙon ƙarfen da ke ƙarƙashin famfon fetur na sama. Wannan inji yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsin da yakan kai 110 a ma'aunin bar, kuma famfon da ke samar da wannan matsi yana zaune a gefen kan inji ta wajen giya, inda wani tudu mai kusurwa uku a jikin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, yake tura shi. Tsakanin tudun da fistan ɗin famfo akwai wannan ƙoƙo, wanda girmansa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, fuskarsa kuma an shafe ta da wani baƙin rufi mai tauri. A hankali rufin yana gogewa, ƙarfen yana sirancewa, har wata rana ya huje, daga nan fistan ya riƙa gugar kamshaf kai tsaye, ɓarɓashin ƙarfe ya bi baƙin mai ya zagaya inji. Ƙoƙon kuɗinsa bai fi na juye ɗaya ba, amma idan ya huje sai an sayi kamshaf da famfo, wani lokaci har da abin da ya fi haka. Alamunsa, wato yankewar ƙarfi idan an taka totur sosai da lambar P0087 ko P2293 a na'urar bincike, ba sa bayyana sai ɓarna ta riga ta yi nisa, saboda haka dubawa da ido a kowane juye na biyu ita ce kaɗai kariya, kuma duk wanda ya sayi motar ya kamata ya yi wannan aiki a makon farko.

Ana yin aikin ne inji yana da sanyi sarai, a wuri mai iska, nesa da wuta da taba sigari. Da farko a cire baƙar wayar batir, domin buɗe ƙofar direba kaɗai yana sa famfon da ke cikin tanki ya tura fetur, kuma wanda ya manta da haka zai ga fetur yana tsartuwa daga buɗaɗɗen bututu. A cire murfin inji ta hanyar zare wayar na'urar awon iska da sakin bututunsa, sannan a ja shi sama daga robobin da ke riƙe da shi. A zare wayoyin da ke jikin famfon, a naɗe shi da tsumma, sannan a sassauta notin bututun ƙarfe mai lamba 17 sannu a hankali har ragowar matsin ya fita cikin tsumman, daga nan a saki bututun da ke kawo fetur daga tanki. Kusoshi uku masu kan tauraro, T30, su ne suke riƙe da famfon, kuma a nan ne gaggawa take jawo asara: akwai sifirin mai ƙarfi da ke tura famfon waje, don haka ana kwance kusoshin ne bi da bi, kowace zagaye ɗaya ko biyu, ba a cire ɗaya gaba ɗaya a bar sauran ba. Idan famfon ya fito, ƙoƙon yakan zauna a cikin ramin, sai a zaro shi da yatsa.

Idan baƙin rufin yana nan cif, ana iya mayar da shi. Idan farin ƙarfe ya fara bayyana a tsakiya, ko fuskar ta lotsa, a sauya shi da na asali, wanda lambarsa take farawa da 06D 109 309, kuma a nan arha ba ta da amfani, ko a Kofar Ruwa aka je saye ko a Ladipo, a nemi na Volkswagen ko na INA a cikin kwalinsa. Kafin a rufe, a haska tocila cikin ramin a duba tudun kamshaf, wanda ya kamata ya zama sumul ba tare da karce ba. A shafa wa sabon ƙoƙo baƙin mai ciki da waje, a zura shi, a mayar da famfo a miƙe, a ɗaure kusoshin bi da bi kamar yadda aka kwance su har zuwa Nm 10 kawai, domin cikin alminiyon suke shiga kuma zarensa ba ya jure wuce gona da iri. Notin bututun ƙarfe a fara kama shi da hannu kafin a sa sifana. Bayan an mayar da batir, a murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba domin fetur ya cika bututu, sannan a tayar, a tsaya ana duba ko akwai ɗigo ko warin fetur.

Taimin bel, wato bel mai haƙora da ke daidaita juyawar kirankishaf da kamshaf, idan ya tsinke bawuloli suna karo da fistan. Motar da ba a san tarihinta ba a sauya mata shi nan da nan tare da famfon ruwa da rololinsa, da kayan Continental ko Gates, bayan haka kuma kada a bari ya wuce shekara biyar ko kimanin kilomita 90,000. Idan mota ta rasa ƙarfi, na'ura kuma ta nuna P0299, kada a yarda da hukuncin cewa turbo ya mutu kafin a duba ƙaramin bawul ɗin da ke jikinsa mai kusoshi uku, wanda tantaninsa na roba yakan yage, akwai kuma sabon samfuri mai fistan da ya maye gurbinsa. Gargadar inji kuwa galibi daga kwayil ɗaya ne ko fulogi, kuma sauya wa kwayilolin wuri zai nuna mai laifin.

Motocin da ke da giyar DSG, wadda take canza kanta ta hanyar kuloci biyu da ke cikin mai, ana sauya musu man giya da filtarsa a kowane kilomita 60,000, da man DSG na musamman, domin jan man giyar otomatik da aka saba da shi yana lalata kulocin. Man birki ana sauya shi duk shekara biyu.

Kamfanin ya fi son fetur mai oktan 98, ya kuma amince da 95, oktan kuwa shi ne ma'aunin yadda fetur yake jure matsi ba tare da ya fashe kafin lokacinsa ba. Man da ake samu a yawancin gidajen mai a nan bai kai haka ba. Kwamfutar injin tana rage ƙarfi domin ta kare shi, amma iyawarta tana da iyaka, saboda haka a tsaya ga gidan mai ɗaya da aka amince da shi, a guji man 'yan bumburutu, kuma kada a danne totur a babbar giya inji yana juyawa a hankali cikin zafin rana, gara a sauko da giya ɗaya.

Daɗin motar yana fitowa ne idan an bi tsarinta. Da safe ba a buƙatar barinta tana aiki a tsaye na dogon lokaci, a tashi a tafi a hankali na kimanin minti goma har mai ya yi ɗumi, sannan a nemi ƙarfinta. Bayan doguwar tafiya da gudu, a sassauta a kilomitocin ƙarshe, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin man da ke cikin turbo kada ya ƙone a tsaye. Ƙafa mai inci 17 da taya 225/45 ta fi mai inci 18 jure ramukan hanya, kuma taya mai kyau ta fi duk wani ƙarin ƙarfi sa direba ya ji riƙon motar a kwana. Amma sauya manhajar kwamfuta domin ƙara ƙarfin doki, wanda matasa da yawa suke sha'awa, an tsara shi ne bisa fetur mai oktan 98 kuma yana ƙara wa ɗan ƙoƙon nan na famfon fetur nauyi, don haka bai dace da motar da ke shan man da ake sayarwa a gidajen manmu ba.