Darasi na 9: Ko Ba da Labari Zai Iya Gyara Zalunci?

'Yan uwana mata, a darussan baya mun yi maganar zubi, rance da rabon ƙarshen shekara. Yau zan ɗauko abin da ba ya shiga akwatin ajiya amma yana taɓa dukiyarmu, wato zalunci, musamman hana mace gadonta. Ko ba da labari zai iya gyara irin wannan? Ni dai amsata ita ce zai iya, amma da sharaɗi biyu: labarin ya ɗauko ilmi, kuma ya nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Abin da muka gada

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. A littafinsa Nurul Albabi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta ɗauki maganar ta mayar da ita aiki. Ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, dattijuwa mai mutunci, ta ɗora mata malfa. Jajin ta haddace waƙoƙin, ta koma ƙauyensu ta koyar da matan da ba su iya karatu ba. A cikin waƙoƙin har da labarin mata salihai, don mace ta ji cewa irinta ma ta yi ilmi ta yi daraja. Mu nan muna da kusanci da gidan, domin ɗan'uwanta Muhammadu Buhari a Tambuwal ya zauna.

Ku lura, jaji ba hira kawai take kaiwa ba. Hukunci take kaiwa: yadda ake sallah, haƙƙin maraya, haƙƙin maƙwabci. Waƙar jaka ce, ilmin ne kayan ciki.

A zamaninmu ma akwai misali. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Littattafan sun sa an yi ta muhawara a kan sakin wulaƙanci da hana 'ya mace karatu.

Me labari ke yi?

A ce a Dogon Daji ko Kuchi wani magidanci ya rasu, ƙannensa suka riƙe gona da shanu, suka ce wa matar ta yi haƙuri, ai duk gida ɗaya ne. Ita ba za ta iya tsayawa gaban surukai ta ce an cuce ta ba, kunya da tsoro sun ɗaure mata baki. Amma in aka zo taro aka ce "gatanan gatananku, wata mata ce a wani gari", shi ke nan an kwance bakin. Ba a kama sunan kowa ba, don haka ba wanda zai tashi faɗa. Wata ta ce ita ma haka aka yi wa innarta. Abin da kowace take ɗauka ƙaddararta ce ita kaɗai, sai a gane ciwo ne na gari.

Inda labari ke tsayawa

To, amma hawaye ba ya mayar da gona. In mun yi kuka mun watse, gobe ƙanen miji zai ci gaba da nomansa. Dole labarin ya ƙare da abin da Suratun Nisa'i ta tanada. Bayan an biya bashin mamaci an cika wasiyyarsa, matarsa tana da tumuni, kashi 1 cikin 8, in ya bar ɗa ko 'ya. In bai bari ba tana da rubu'i, kashi 1 cikin 4. In matan sun fi ɗaya, wannan kason suke rabawa. 'Ya mace tana samun rabin abin da ɗan'uwanta namiji ya samu, kuma gona da gida suna cikin abin da ake rabawa, ba tufafi da kwanuka kaɗai ba.

Sannan a faɗi inda za a je. A fara da dattawan dangi da liman, in ya gagara a je ga mai unguwa ko hakimi, in ya ƙi ci a kai kotun shari'ar Musulunci, wadda ke da ikon rabon gado. Tun 2021 kuma Jihar Sakkwato tana da dokar hana cin zarafi da dokar kare yara.

Nan ne ƙungiyarmu ke da amfani. Irin wannan tsari na asusu ya faro ne a yankin Maraɗi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara. Asusun agajinmu zai iya biyan kuɗin mota, mutum biyu su raka 'yar uwa, ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ƙa'idoji uku

1. Kada a ba da labarin wata sai da izininta.
2. A sauya gari, a ɓoye suna. In aka kama suna, an fita daga gyara an shiga giba.
3. Kada a ƙara gishiri. Ƙarya ɗaya takan ɓata gaskiya goma a gaban alƙali.

Aikin wannan mako

Bayan an rufe akwati, ku ware minti 15. Mace ɗaya ta ba da gajeren labari a kan gado, ko sadakin da aka karɓe, ko yarinyar da aka cire daga makaranta. Sauran ku amsa tambayoyi uku: Wane haƙƙi aka tauye? Me addini da doka suka ce? Wurin wa za a fara zuwa? Sakatariya ta rubuta amsar tambaya ta uku kaɗai. In lissafin gado ya rikice muku, ku gayyato malama ta Islamiyya taro na gaba ta warware shi.