DARASI: HAƘƘIN MAI WANKIN MOTA A KAN UBANGIDANSA

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi! Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Madawa zai ga samari suna wanke motocin albasa da na fasinja da babura. Da yawansu ƴaƴanmu ne daga ƙauyukan Dewule da Buza da Keita. Suna yini cikin ruwa da sabulu, amma wasu masu wurin wankin ba su yanke musu lada ba, sai abin da suka ga dama.

Wannan ciniki shi malaman fiƙihu suke kira ijara. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya nuna, sharaɗi ne a san lada kuma a san wa'adin aiki. Saboda haka wajibi ne mai wuri ya kiyaye waɗannan:

1. Ya faɗi ladan tun kafin a ɗauki bokiti.

2. Ya biya da wuri. Ibn Majah ya ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) na a sallami ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Buhari kuma ya ruwaito cewa Allah da kansa zai yi husuma Ranar Ƙiyama da wanda ya ci moriyar aikin mutum ya hana shi lada.

3. Kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ya ba shi lokacin salla da hutu.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ta kuma sa awa 40 a mako. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata. Wanda aka zalunta yana iya kai kukansa ga sufeton ƙwadago.

Shi ma yaro amana ce a wuyansa: kada ya taɓa abin da ya tarar cikin mota, kada ya yi ha'inci a aiki.

Muna kira ga limamai su tunatar da jama'a wannan a huɗubobinsu. Allah ya tsare mu daga cin gumin wani, amin.