Baƙin Tabo a Tafin Ƙafa

Manoman Agiye da Gazawa da Gidan Rumji sun saba da ƙaya da faso da kaushi. Shi ya sa in baƙin tabo ya fito a tafin ƙafa, ba kowa ke kula da shi ba. Amma wani tabon, farkon ciwon daji ne na fata. Likitoci suna kiran shi melanoma.

Ga baƙar fata, ciwon ya fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Ba a ɗaukar shi daga wani. Da farko ba ya zafi, nan ne haɗarinsa yake.

Ga alamunsa:

1. Tabon yana ƙara faɗi wata bayan wata.
2. Bakinsa ba a daidaice yake ba.
3. Launinsa ya gauraya, baƙi da ja ko toka-toka.
4. Ya kai girman ƙwayar wake.
5. Yana fid da jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa.
6. Baƙin layi ya fito a farce, yana ƙara faɗi.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya tafi likita mafi kusa. Majo zai duba, in ya ga dalili ya ba shi takarda zuwa asibitin gunduma ko babban asibitin Maraɗi. Ido kaɗai ba ya tabbatar da ciwon. Sai an yanki tabon an duba shi da madubin likita. Ana kuma taɓa matsematsi da hammata, a ji ko akwai kaluluwa.

Maganinsa na farko aiki ne. Ana cire tabon tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi, kamar santimita 1 zuwa 2. In a farce yake, wani lokaci sai an cire gaɓar yatsa. Wanda aka yi wa aiki da wuri, galibi yana warkewa ya koma gonarsa. In an yi jinkiri, ciwon yakan bi jiki ya kai huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa. A nan magani yana da wuya da tsada, har sai an je cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai.

Wasu suna cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Jinkiri ne ke kisa. Mawaƙin nan Bob Marley na ƙasar Jamaika, a farcen ƙafa nasa ya fara a 1977. Bai yarda a cire yatsar ba, ya rasu a 1981, yana da shekara 36.

Kada a kai tabon wurin wanzami, kada a yi masa sakiya ko a ƙona shi. Sau ɗaya a wata, bayan wanka, kowa ya duba tafin ƙafarsa da farcensa. Tsofaffi kuma, ƴaƴa da jikoki su duba musu.

Tambayoyi: Ina ne wannan ciwo ya fi fitowa? Wanda ya ga tabon, ina zai fara zuwa?