Ƙafar kusurwa ba jak ba ce

Sana'ata gyaran karaban a arewacin Ingila, ɗakunan nan masu taya da ake ja da mota a tafi hutu. Na so in haɗiye wannan magana, amma ta ƙi wucewa.

Wani dattijo ɗan ƙasarmu mazaunin Mancesta ya sayi karaban na hannu, mai aksil ɗaya, zai kai iyalinsa Wales a hutun bazara. Da ya gaya mini na ce, "Alhaji, kawo shi in leƙa ƙasansa kafin ku tashi." Ya ce, "Kada ka wahalar da kanka, Malam, mai shi ya ce bai daɗe da yin sabis ba, har jak ya ba ni kyauta." Na yi shiru, babba ne.

Suna kan hanyar A55 tayar hagu ta fashe. Allah ya taimaka ya samu wurin ratsewa. Abin da ya fara yi shi ne ya cire karaban daga jikin mota, wai don ya samu sararin buɗe but. Sannan ya kama ƙafar kusurwa ta baya yana murɗawa, yana so ta ɗaga masa taya, har sai da ya ji daɓen ciki ya yi ƙara. Da hakan ta ƙi, ya ɗauko jak ɗin kyautar nan, irin mai almakashi na ƙaramar mota, ya dasa shi a kan tsakuwa, ya tokare shasi da shi. Ba katako, ba weji a ɗaya tayar. Taya ta fita. Ɗansa, saurayi ɗan jami'a, ya durƙusa ya zura hannu ƙasa yana jawo safaya daga maƙalinta. Sai wata tirela ta wuce da gudu. Iskarta kawai ta isa. Karaban ya juya a kan ƙaramar tayar gaba, jak ya zame, duk nauyin ɓangaren ya sauko.

Hannun yaron ya karye wuri biyu, sai da aka sa masa ƙarfe. Da kansa ne a wurin, da yanzu ta'aziyya muke yi.

Da aka kawo mini karaban ɗin na duba komai. Shasi ya lotsa daidai inda aka tokare shi, ƙafar kusurwa ta lanƙwashe ta tsaga daɓe. A gefen tayar da ta fashe an buga 2314, wato mako na 23 na shekarar 2014. Zanenta kamar sabuwa, domin tayar karaban ba ta cinyewa, tsufa take yi a tsaye, rana na dukanta tana tsattsagewa. Shawarar da aka saba bayarwa a nan ita ce a canza ta a shekara 5, kada ta taɓa wuce 7. Wannan kuma wai an yi masa sabis! Wanda ya sayar da shi ko dai bai duba ba, ko ya duba ya kau da kai, kuma duk biyun mugunta ce.

Na ce, "Alhaji, don Allah wa ya ce ka raba shi da mota?" Ya ce, "Ƙanena, na ɗauka haka ake yi." Idonsa ya yi ja, ban ƙara ba.

To ku ji. Ba a ɗaga karaban sai yana maƙale da mota. Ƙafar kusurwa ba jak ba ce. Ba a zura hannu ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi.

Jak ɗin Alhaji an rubuta tan 1 a jiki, kuma ɓangare ɗaya na karaban mai kilo 1,400 bai kai haka ba. Saboda haka ba ƙarfi ya rasa ba. Kansa ne aka tsaga don ya kama gefen ƙaramar mota, a kan ƙarfen shasi mai santsi kuwa ba abin da zai riƙe. Yawancin karaban na ƙasar nan a kan shasin AL-KO suke, ƙarfe ne marar kauri da aka yi don ya ɗauki kaya a shimfiɗe, ba don a caka masa jak a wuri ɗaya ba. Shi ya sa kamfanin ke da nasa maƙalai da ake ɗaurewa a ramukan da aka riga aka huda bayan taya, jak ya shiga ciki ya kulle. Jak ɗin Kojack ma haka tsarinsa yake. In babu maƙalan, sai ƙarƙashin aksil kusa da taya, inda littafin karaban ɗinka ya nuna. Masu ɗaukar dirila su huda shasi, ko su yi masa walda don su liƙa maƙalin da suka ƙera a bayan gida, Allah ya shirye ku. Kamfanin AL-KO ya hana, kuma ni nake ganin tsatsar da ke biyo baya.

Masu son jak mai kwalba, ba laifi, yana da ƙarfi. Amma kun gwada shi da taya a sace? Da iska ta fita karaban ya sauka, sararin da kuka auna a ƙofar gida ya tafi, jak ya ƙi shiga. A nan ne mutum ke fara dabarar banza. Ka sace tayar a gida ka gwada, ranar da ba ka sauri. Ka ajiye katako mai kauri guda biyu, ɗaya na ƙarƙashin jak, ɗaya ka hau da tayar da ta sace don ka samu tsawo.

Kada kuma ka dogara da birkin hannun karaban. Saboda tsarinsa na ja da baya, yakan bar taya ta ɗan gangara baya kafin ya kama. Weji gaba da baya. Ka fito da safaya, ka sassauta notuna, tun taya na ƙasa. Bayan karaban ya ɗagu sai ka sauke ƙafafun kusurwa su taɓa ƙasa kawai, taɓawa na ce, ba ɗagawa ba. Kuma a bar shi maƙale da mota, na sake faɗa.

A gefen babbar hanya kam kada ma ka fara, ka fitar da iyali bayan shinge ka kira masu ɗauka.

Notuna da sifanar awo ake ɗaure su, ba da tsalle a kan sifana ba. Wili na ƙarfe galibi Nm 88 ne, na alminiyom ya fi haka, ka duba littafinka. In ka yi tafiyar kilomita 50 ka tsaya ka sake auna su.